Risala a Kan Garin Furen Ƙudan Zuma da Hukuncin Mai Atishawar da Ya Ci Shi

Ka sani, ya kai mai neman sani, Allah Ya kiyaye maka hancinka, ƙudan zuma kaya biyu yake komawa gida da su: ɗaya a ciki, ɗaya a ƙafa. Na cikin shi ne ruwan zaƙin fure da ake sarrafawa ya zama zuma. Na ƙafar shi ne garin fure, wato ƙurar nan da namijin ɓangaren fure ke fitarwa domin ta isa ga macen, irin wadda manomi ke gani tana tashi idan gero ya yi bununi aka taɓa karansa. Wannan na ƙafar ne ake zubawa a kwalba ko a ɗura a kafso, a liƙa masa takarda mai hoton fure, a ce yana maganin alaji, yana kuma ƙarfafa garkuwar jiki. Manufar wannan risala ita ce ta bi da'awoyin nan biyu cikin natsuwa ba tare da ta zalunci kowa ba, har da mai sayarwa.

Fasali a kan yadda kayan ke zuwa hannun ɗan Adam

Masu fita neman abinci a cikin amya duka mata ne. Mazan ba su da wurin ɗaukar kaya, ba su da ƙari, aikinsu guda ɗaya ne tak, kuma idan abinci ya yi ƙaranci sai a ja su a fitar waje. Wannan mas'ala ce ta wani littafin.

Ma'aikaciyar jikinta duk gashi ne, kuma tana cikin tashi jikin yake ɗaukar 'yar wutar lantarki, saboda haka da ta sauka a kan fure sai garin ya manne mata. Daga nan ta taje jikinta da ƙafafu, ta jiƙa garin da ɗan ruwan zaƙi daga bakinta, ta dunƙule, ta cusa a wani ɗan kwarmi mai kewayen gashi a ƙafafunta na baya. Dunƙulen yakan zo rawaya, ko ruwan goro, ko ruwan ƙasa, gwargwadon furen da aka ziyarta. Nauyin ɗauka guda kimanin miligiram 15 ne. Idan ƙaramin cokali ya ɗauki giram 4, to wanda ya watsa cokali ɗaya a bakinsa da safe ya cinye zirga-zirga ɗari biyu da wani abu kafin ya kurɓi shayi.

A gida, sai wasu ma'aikatan su danna garin da kawunansu cikin ramukan saƙa, a shafe samansa da zuma, ya ɗan yi tsami, ya daɗe bai lalace ba. Masu reno ke cin mafi yawansa domin jikinsu ya fitar da abincin tsutsotsi, wato jariran gidan. Amya mai ƙarfi tana cin kilo 20 ko fiye a shekara. Zuma ita ce mai ba da ƙarfin tashi, garin fure kuwa shi ne mai gina jiki.

Mai kiwon zuma na zamani yana samun rabonsa ne ta hanyar kafa wani faranti mai ƙananan huji a bakin amya, faɗin kowane huji kimanin milimita 5. Ma'aikaciya za ta iya kutsawa ta wuce, kayan ƙafarta ne ba za su wuce ba, sai su karkaɗe su faɗa wani akwati a ƙasa. Malamai sun yi saɓani a kan sunan wannan aiki. Masu kiwo suna kiransa girbi. Ɗaya ɓangaren bai bar ra'ayinsa a rubuce ba, sai dai an lura cewa amyar da aka kafa wa faranti takan ƙara yawan masu fita neman gari, wasunsu kuma sukan koyi zuwa da ƙaramin dunƙule wanda zai wuce hujin.

Tanbihi: wasu masu talla sukan ɗauko darajar zuma su yafa wa garin fure. Abin da aka yi wa shaidar waraka a Suratun Nahli abin sha ne, kuma daga ciki yake fitowa. Wanda ya zo da abin da aka karkaɗe daga ƙafa, sai ya zo da nasa dalilin.

Fasali a kan atishawa da asalinta

A shekarar 1819 wani likita a Landan mai suna John Bostock ya gabatar wa 'yan uwansa likitoci rahoton wani majiyyaci da duk shekara, in watan Yuni ya kama, idanunsa ke ƙaiƙayi, hancinsa ya toshe, atishawa ta ƙi ƙarewa. Majiyyacin shi ne shi kansa. Ya gwada zubar da jini, ya gwada wanka da ruwan sanyi, ya gwada ofiyom da maganin amai, duk a banza. Ya shekara tara yana neman abokan wahala, ya samu mutum 28, kuma ya lura dukkansu masu hali ne. Ya ɗora laifin a kan zafin bazara.

Wanda ya kama ainihin mai laifi shi ne Charles Blackley na Manchester, wanda ya fitar da littafinsa a 1873. Shi ma mai ciwon ne, kuma bai tausaya wa kansa ba. Ya shaƙi garin furanni iri-iri, ya sa a ido, ya karce fatarsa ya shafa, yana rubuta abin da ya biyo baya. Ya shafa wa 'yan gilasai abu mai danƙo ya ɗaura a filfilon takarda mai zare, ya saki iska ta ɗaga sama da ƙafa 1,000, ya tarar can sama ma garin yana nan, har ya fi na ƙasa yawa. Ya kuma lura da wani abu: manoma, waɗanda suka fi kowa wanka da garin ciyawa, su ne ciwon bai cika kamawa ba. Wannan lura ita ce kakar duk hujjojin masu kwalba. Binciken da aka yi daga baya a gonakin Turai ya fi karkata ga ƙwayoyin halittar da yaran manoma ke shaƙa a garke da turken shanu tun suna ƙanana. Sai dai turɓayar garke ba ta da kyan hoto a jikin kwalba.

Yadda abin ke faruwa a jiki kuwa, don a sauƙaƙa, mu ɗauki garkuwar jiki a matsayin maigadi. Aikinsa ya gane ɓarawo ya hana shi shiga. Maigadin mai alaji yana da littafin da yake rubuta fuskokin waɗanda yake zargi, sunan littafin a wurin masana IgE, wani sinadari ne a cikin jini da Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko suka gano a Denver ta Amurka a 1966, wasu masana kuma suka gano shi a Uppsala ta Suwidin kusan lokaci guda. Masana da yawa suna ganin asalin horon wannan sashe na gadi domin tsutsar ciki aka yi shi. Ran da garin fure ya fara shigowa, maigadi ba ya cewa komai, sai dai ya rubuta. Ran da ya dawo, sai a busa usur: wasu ƙwayoyin jiki da ake kira mast, waɗanda ke zaune a hanci da ido da fata da hanyar numfashi, su saki wani sinadari mai suna histamin. Jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsatso, hanci ya kumbura, majina ta zubo, ido ya yi ja. Shi kuwa garin fure ba shi da nufin kowa. Neman aure ya fito, iska ta ɓatar da shi ya faɗa hancin mutum.

Daga nan za ka gane mas'alar farko. An ce garin furen zuma yana ƙarfafa garkuwar jiki. Muka ce: madalla. To amma mai alaji ba raunin maigadi ne ya dame shi ba. Maigadinsa ba ya barci, ba ya karɓar na goro, ya riga ya fasa kan baƙi da dama waɗanda sallama kawai suka yi. Idan da'awar gaskiya ce, an ƙara masa gora ke nan an kuma ƙara masa albashi. Idan ba gaskiya ba ce, mai alaji ya yi asarar kuɗinsa kawai. Saboda haka mafi kyawun zaton da mai atishawa zai yi wa wannan kwalba shi ne ba gaskiya take faɗa ba.

Masu zurfin tunani daga cikin masu sayarwa sun hango wannan rami, sai suka sauya lafazi suka ce ba ƙarfafawa yake yi ba, daidaitawa yake yi: in garkuwa ta yi ƙasa ya ɗaga ta, in ta yi sama ya sauke ta. Wannan mazhaba ba a iya kayar da ita a muhawara. In ka warke, an daidaita ka. In ka ƙara kumbura, ana kan daidaita ka.

Fasali a kan hujjar kaɗan-kaɗan

Hujja mafi ƙarfi da ke hannunsu ita ce wannan, kuma ta cancanci a zauna da ita. Suka ce: wanda ya saba da abu kaɗan-kaɗan, abin ba ya kayar da shi. Suna da sarki a cikin shaidunsu. Mithridates, sarkin Pontus a gaɓar Baƙin Teku, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, an ruwaito yana shan guba kaɗan-kaɗan don tsoron maƙiya. Da Rumawa suka ci ƙarfinsa a shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya sha guba don ya mutu ta ƙi kama shi, sai da ya roƙi wani sojansa ya gama da shi da takobi. Maganin ya yi aiki, a ranar da ba a so ya yi.

A ɗaya ɓangaren akwai kare. A 1902 wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suka so su saba wa karnuka da dafin wata halittar teku mai harbi ta wannan hanya ta sarki. Suka yi wa wani kare mai suna Neptune allurar dafin, ya shanye lafiya lau. Bayan 'yan makonni suka ƙara masa ɗan kaɗan, wanda bai isa ya kashe kare ba, ya faɗi yana haki, ya mutu kafin rabin awa. Allurar farko rubuta fuska ta yi. Wannan mummunan bori na jiki gaba ɗaya shi ake kira anafilaksis, kuma a kansa aka ba Richet kyautar Nobel a 1913. Karen ba a ba shi komai ba.

To wa ya yi daidai, sarki ko kare? Amsa ta zo daga asibitin St Mary's da ke Landan a 1911, inda Leonard Noon da John Freeman suka fara yi wa masu atishawar bazara allurar ruwan garin wata ciyawa da ake kira timoti. 'Yar uwar Noon, Dorothy, masaniyar tsirrai, ita ke tattaro musu garin. Abin da ya bambanta su da masu kwalba shi ne awo. Noon ya ƙirƙiri ma'auni, yana ɗiga ruwan a idon majiyyaci don ya ga ƙarfin da zai iya ɗauka, sannan ya fara daga ƙasa yana hawa a hankali. Noon ya rasu da tarin fuka a 1913, Freeman ya ci gaba. A 1954, a wannan asibitin, William Frankland ya gwada hanyar a kan mutum 200, aka ba wasu allurar gaske wasu ta bogi ba tare da sun sani ba, ta gaske ta yi nasara. Frankland ya rayu shekara 108, ya rasu a 2020, kuma da a ce an taɓa ganinsa da kwalbar garin fure da yanzu hotonsa na jikin kowace.

Ke nan hujjar kaɗan-kaɗan ingantacciya ce, amma da sharuɗɗanta. Sai an gwada fata ko jini an san takamaiman abin da maigadi ya rubuta. Sai an san adadin da ake bayarwa, har zuwa maikirogiram. Sai an yi haƙurin shekara uku zuwa biyar. Sai kuma likita na kusa da allurar adirenalin. Ko ƙwayoyin da ake sawa a ƙarƙashin harshe, waɗanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da su a 2014 domin ciyawa da kuma wani tsiro mai suna ragweed, ta farko a gaban likita ake shan ta, a zauna minti 30 ana kallon mutum.

Yanzu mu gwada ƙudan zuma da waɗannan sharuɗɗa. Ba ya gwada fatar kowa. Ba ya awo. Abin da ya tara a wannan mako ba shi ne na makon jiya ba, na wannan amya ba shi ne na maƙwabciyarta ba. Ga kuma babbar matsala: tsirrai sun rabu biyu wajen aika garinsu. Masu fure mai ado da ƙanshi sun ɗauki 'yan aike, garinsu mai nauyi ne mai danƙo, ba ya yawo a iska, saboda haka ba kasafai yake kaiwa hancin mutum ba. Ciyayi da wasu itatuwa kuwa ba su da ado, ba su da ruwan zaƙin biyan ɗan aike, sai su watsa wa iska gari marar nauyi ba adadi. Gindin ragweed ɗaya yana iya sakin ƙwaya biliyan guda a kaka ɗaya. Waɗannan su ke sa atishawa, waɗancan su ƙudan zuma ya fi ziyarta. Wanda ciyawa ke sa wa atishawa ya je ya sayi garin furen lambu, ya saba wa maigadinsa da fuskar mutumin da tun asali ba su da rigima.

Idan wani ya ce: ashe ke nan ba shi da haɗari, tunda ba garin da ke cutarwa ba ne. Sai mu ce: da haka ne da an huta. Ƙudan zuma ba mai tsattsauran ra'ayi ba ne. In ya rasa fure yakan sauka a kan masara da dawa da wasu ciyayi ya kwasa, yakan ziyarci dangin ragweed masu fure waɗanda sinadarinsu ya yi kama da nata, garin iska kuma yakan manne a dunƙulen. Saboda haka abin da ke tayar maka da bori yana iya kasancewa babu shi a kwalbar bana, ya cika ta baɗi, kuma takardar jikinsu iri ɗaya ce. A 2012 mujallar ƙungiyar likitocin Kanada ta buga rahoton wata mata 'yar shekara 30 mai atishawar bazara, wadda ta fara shan garin furen zuma don ƙarin lafiya. Minti goma bayan sha na biyu, leɓɓanta da fatar idonta da maƙogwaronta suka kumbura, borin jini ya feso, haɗiya ta gagara, numfashi ya sarƙe. Adirenalin ce ta cece ta. Da aka gwada fatarta, ta amsa wa garin kwalbar, ta kuma amsa wa ciyawar timoti. Mai karatu ya lura, sha na biyu ne, kamar na Neptune.

A nan risala za ta ajiye rawaninta na ɗan lokaci. Duk wanda ya ci wani abu, ko zuma ta harbe shi, ya ji leɓe ko harshe na kumbura, murya ta shaƙe, ƙirji na ƙara, ko jiri na ɗibarsa, asibiti za a kai shi nan take. Maganin allurar adirenalin ce a cinya. Ƙwayar maganin mura ba ta isa ba, manja da nono ma haka. Mai asma da wanda ya san garin fure na tayar masa da ciwo, su ne ya fi kamata su nisanci kwalbar, kuma su ne aka fi yi wa tallarta.

Wata fa'ida ta gefe, ga mazauna ƙasashen hunturu. Yawancin ƙurar da ke rufe mana rana daga Disamba zuwa Fabrairu daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, busasshen gindin wani tsohon babban tafki, kuma akasarinta ɓurɓushin ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu tun tuni. Wannan tana karce hanci da maƙogwaro ko da mutum ba shi da alaji. A cikin ɗaki kuma akwai ƙananan ƙwarin ƙura da ke zaune a katifa da filo, da kashin kyankyaso. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ƙudan zuma ke ɗaukowa. Mai atishawar hunturu da ya sayi garin furen da aka tara a wata nahiya, ya nuna kyakkyawar niyya.

A matsayin abinci, ba za a hana shi haƙƙinsa ba. Yana da sinadarin gina jiki, wanda yawansa ke hawa da sauka sosai gwargwadon fure, yana da sukari da ɗan mai da bitamin. Cokali guda dai cokali guda ne, kuma wake da ƙwai da gyaɗa suna nan a kasuwa. Kowace ƙwayar gari tana cikin wani ɓawo mai taurin da masana ke haƙo shi daga gindin tafkuna bayan dubban shekaru su gane tsiron da ya fito daga gare shi, saboda haka cikin ɗan Adam ba ya samun duk abin da ke rubuce a takarda. Ɗanyensa yana da laima, in ba a busar da shi da wuri ba yakan yi fumfuna, kuma in gonar da aka ziyarta an yi mata feshi, maganin ƙwari yakan biyo shi. An kuma samu rahoton yana ƙara wa maganin tsinka jini na warfarin ƙarfi.

Akwai nau'i ɗaya da aka tabbatar yana aiki da ƙarfi a jikin mutum. A 2014 hukumar nan ta abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kan wani kafson rage ƙiba mai suna Zi Xiu Tang Bee Pollen. Da aka kai shi ɗakin gwaji, aka tarar an ɓoye sibutramin a ciki, maganin da aka janye daga kasuwar Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, wasu kuma har da wani tsohon maganin wankin ciki da ake zargi da jawo kansa.

Fasali a kan shaidu da tazkiyarsu

Shaida ta farko tsutsar zuma ce, kuma ita ce mafi ƙarfi. A kan abincin da aka sarrafa daga wannan gari, tana ninka nauyinta fiye da sau dubu cikin kwana biyar zuwa shida. Ba a taɓa jin ta yi atishawa ba. An karɓi shaidarta a kan abin da ya shafi tsutsa.

Shaida ta biyu ɓeraye ne. A 2008 wasu masana a Japan suka ciyar da ɓeraye garin furen zuma, suka tarar ƙwayoyin mast ɗinsu sun rage saurin tashi. Wannan bincike ne na gaske, kuma garin yana da sinadaran tsirrai da ke nuna irin wannan hali a kwanon gwaji. Amma tsakanin ɓera da mutum akwai tafiya, kuma magunguna da yawa sun mutu a hanyar. An karɓi shaidar, an ajiye ta sai masu ƙafa biyu sun zo.

Masu ƙafa biyun da suka zo, yawancinsu a kan zuma suka yi magana. A 2002 masana a Jami'ar Connecticut suka raba mutum 36 masu atishawa gida uku: wasu aka ba su ɗanyar zumar yankinsu, wasu tatacciyar zumar kanti, wasu ruwan sukarin masara mai ƙanshin zuma, babban cokali ɗaya kullum. Ba a ga bambanci ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku ma barin gwajin suka yi, zaƙi ya ginshe su. A 2011 aka yi wani a Finlan, shi ya fi kusa da batunmu, domin zuma aka haɗa da garin bishiyar birch wanda ƙudan zuma ya tara, aka ba masu alajin wannan bishiya tun daga Nuwamba zuwa Maris. Da lokacin furen ya zo, sun ba da rahoton sauƙi da kimanin kashi 60 cikin ɗari idan an gwada da waɗanda ba a ba komai ba. Wannan adadi shi ne ake yawo da shi. Abin da ba a cika yawo da shi ba shi ne, tsakaninsu da waɗanda aka ba zuma zalla bambancin bai kai abin dogaro ba, mutanen 44 ne kacal masu shan zumar, kuma masu binciken da kansu sun ce gwajin share fage ne. A lura kuma, a nan ma sai da aka zaɓi gari guda sananne aka ba masu ciwonsa, wato an ari rabin sharuɗɗan Noon.

Shaida ta ƙarshe ita ce mafi girman muƙami. Tom Harkin tsohon sanata ne daga jihar Iowa, kuma shi ya jagoranci ware dala miliyan 2 a 1991 domin a buɗe ofishin nazarin magungunan da ba na asibiti ba a cikin cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka. A wani zaman majalisa a 1993 ya shaida cewa garin furen zuma ya raba shi da alajinsa, bayan ya sha kafso kimanin 250 cikin ƙasa da mako guda. Babu dalilin tuhumar gaskiyarsa. Alaji dai ciwo ne mai zuwa da tafiya da kansa, yana bin yanayi, yana bin shekaru, kuma mutumin da ya haɗiyi kafso 250 yana da dalili mai ƙarfi na jin sauƙi. Kamfanin jihar Arizona da ke da alaƙa da kafson kuwa, tun a 1992 ya amince ya biya dala 200,000 ga hukumar kasuwanci ta tarayya a kan da'awoyin lafiya da ya yi a tallarsa.

Ofishin ya girma, ya zama cibiya a 1998, kasafinsa ya haura dala miliyan 100 a shekara, ya gwada ganyaye da saiwoyi da allurar gargajiyar Sin a kan dubban mutane, ana ba wasu na gaske wasu na bogi. A 2009, a wani zaman majalisar, Sanata Harkin ya koka cewa cibiyar ba ta cika burinsa ba, domin ta fi mayar da hankali ga rushe da'awoyi maimakon tabbatar da su.